Daga Filin Makaranta Zuwa Gasar Ƙwararru: Ikon Mai Horarwa a Hannun Wa Yake?

Duk wanda ya tsaya da la'asar a bakin filin wata makarantar sakandare a Agadez ya san irin ikon da malamin motsa jiki yake da shi. Usur ɗaya ya isa yara ashirin su tsaya cak cikin ƙura. Wanda ya makara zai zaga fili, wanda ya yi rashin kunya za a kai ƙararsa gida, kuma uban ba zai tambayi dalili ba. Hujjar wannan maƙala ita ce, idan irin wannan malami ya haura zuwa gasar ƙwararru ya kasa, ba ilimin ƙwallo ne ya gaza masa ba. Tushen ikonsa ne ya sauya, shi kuwa bai lura ba.

A Amurka ne lamarin ya fi fitowa fili, domin a can jami'o'i ne matakalar shiga babbar gasar NFL ta ƙwallon da ake ɗauka da hannu. Nick Saban ya ci kofin ƙasa da jami'ar LSU, ya koma Miami Dolphins a 2005, ya yi kaka biyu da nasara 15 da rashin nasara 17, sannan ya komo jami'a, inda ya ci kofuna 6 da Alabama. Urban Meyer, mai kofunan jami'a 3, bai ma ƙarasa kakar 2021 ba a ƙungiyar Jacksonville ta NFL: an sallame shi bayan wasa 13. A zamaninsu, a jami'a koci ne ke zaɓen ɗan wasa, shi ke riƙe da makomarsa. A NFL kuwa yana fuskantar magidanta masu kwantiragi da wakilai da ƙungiyar ƙwadago, wasunsu sun fi shi albashi.

Za a iya cewa ai Jimmy Johnson da Pete Carroll sun bi wannan hanya sun ci Super Bowl, kofin NFL. Gaskiya ne, amma misalinsu yana ƙarfafa hujjar ne. Dukansu an ba su babbar murya wajen zaɓen ƴan wasa, Johnson a Dallas daga 1989, Carroll a Seattle daga 2010. Johnson ma, da shi da mai ƙungiyar suka saɓa kan wa ke da ta cewa, sai ya tafi a 1994, yana riƙe da kofi biyu a jere.

A Nijar matsalar ta ɗauki wata siffa, kuma a ganina ta fi tsanani. Manyan ƙungiyoyin gasar da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, ke shiryawa yawancinsu na hukumomi ne da ke Yamai: AS FAN ta soja, USGN ta jandarma, AS Douanes ta duwan, da na kamfanonin gwamnati kamar SONIDEP da Nigelec. A jihar Agadez sunayen da aka fi sani su ne Urana da Akokana, dukansu a Arlit, garin da haƙar yuraniyom ya raya. Tun da kamfanin Cominak ya rufe mahaƙarsa a watan Maris na 2021, duk abin da ya dogara da kuɗin ma'adinai a yankin ya ji jiki. Saboda haka kocin da ya taso daga makarantun Agadez, in yana son ci gaba, sai ya bi hanyar kusan kilomita 950 zuwa Yamai, ya shiga gidan da kanar ko babban darakta ke da magana ta ƙarshe. A makaranta shi ne mai gida. A can kuwa baƙo ne da aka ba ɗaki, ba a ba shi makulli ba.

Abin da ya sami Harouna Doula ya isa shaida. Shi ya kai Mena, tawagar ƙasar Nijar, gasar cin kofin Afirka karon farko a tarihi, daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, har hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta zaɓe shi gwarzon koci na 2011. Da aka je gasar a Janairun 2012, Gabon ta doke Nijar da ci 2 da nema a wasan farko, sai aka miƙa ragamar ga Bafaranshe Rolland Courbis da aka kawo a matsayin mai ba da shawara. Sauran wasanni biyun ma an sha kashi. Idan mutumin da nahiya ta karrama bai tsira daga wannan ba, ina ga malamin da ya zo daga arewa ba shi da kowa a ofis?

Ba baiwa ce ta yi ƙaranci ba. Tawagar Nijar ta ƴan ƙasa da shekara 17 ta je gasar duniya a Indiya a 2017, ta doke Koriya ta Arewa, ta kai zagaye na biyu. Abin da ya rage gyara ne na tsari. Makarantar INJS ta Yamai, wadda ke horar da malaman motsa jiki, ya kamata ta koyar da karanta kwantiragi da tafiyar da manya, ba atisaye kaɗai ba. FENIFOOT kuma ya kamata ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya da za ta fayyace wa ke fitar da jerin ƴan wasa goma sha ɗaya ranar wasa, kuma wasa nawa za a ba koci kafin a yanke masa hukunci.