Akushi Ɗaya: Daga Antakiya Zuwa Danja

Ya 'yan'uwa cikin Almasihu, a wannan biki namu na jubili ya kamata mu waiwayi baya, mu ga irin mutanen da Ubangiji ya tattara har suka zama Ekklesiya. Gama wanda ya tuna yadda aka karɓe shi, ba zai hana wani wurin zama ba.

Masu bi na fari dukansu Yahudawa ne, al'adarsu kuwa ba ta yarda su ci abinci tare da al'ummai ba. Sa'ad da tsanani ya watsa su daga Urushalima, waɗansu mutanen Kubrus da na Kurane, wadda ke cikin ƙasar Libiya ta yanzu, suka isa birnin Antakiya, suka yi wa Helenawa wa'azin Bishara. Mutane da yawa suka ba da gaskiya. A can ne aka fara kiran masu bi Kirista. Cikin shugabanninsu akwai Barnaba Balawi, da Siman mai laƙabi Baƙi, da Lukiyas mutumin Kurane, da Manayen wanda ya tashi tare da sarki Hirudus.

Amma zaman bai tafi sumul ba. Manzo Bitrus da kansa yana cin abinci tare da al'ummai, sai da baƙi suka zo daga Urushalima, ya ji tsoro, ya janye hannunsa daga akushi. Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a. Wajen shekara ta 49 manzanni da dattawa suka taru a Urushalima, suka yanke shawara cewa ba za a ɗora wa al'ummai kaciya kafin a karɓe su ba. Da ba don wannan shawara ba, da ba mu da rabo a ciki, gama mu ma al'ummai ne.

Ta wannan ƙofa ce Bishara ta iso ƙasarmu bayan ƙarnuka masu yawa. A 1893 samari uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan. Biyu suka mutu a 1894, Bingham kaɗai ya ragu. Mishan ɗin da suka fara, wato SIM, ya kai Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru kuma ya zauna a Tsibirin Gobir. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Su wa suka fara matsowa kusa? Galibi ba sarakuna ba ne ko attajirai. Talakawa ne, da marayu, da marasa lafiya. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, inda Bahaushe da Bafillace da Buzu ke jiran magani a inuwa ɗaya, ba a tambayar addinin kowa. A 1956 aka buɗe wurin jiyyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi. A zamanin nan mutane da yawa ba sa sa hannu cikin akushi ɗaya da kuturu, sau da yawa kuwa bara ce abincinsa. A Danja aka wanke musu gyambo, aka ba su magani. Waɗansu daga cikinsu suka ba da gaskiya, aka yi musu baftisma, suka ci Jibin Ubangiji tare da masu lafiya. Yanzu kuturta tana da maganin da ke warkar da ita sarai. A 2012 kuma aka buɗe sashe a Danja domin mata masu yoyon fitsari, waɗanda su ma sau da yawa akan guje su har a gidajensu.

Ragamar aiki ta daɗe a hannun Turawa. Sai a lokacin da Nijar ta sami 'yancin kai aka kafa Ekklesiya ta 'yan ƙasa, da fastoci da dattawa nata. Tun daga nan tsaron ƙofar ya koma wuyanmu.

An kuwa gwada mu. A watan Janairu na 2015 aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. Bayan irin wannan masifa zuciya takan so a ja ƙyaure, a riƙa duban kowane baƙo da zargi. Ga kuma wata jaraba ta cikin gida: 'ya'yan masu bi na dā su ga kamar majami'a gādon gidansu ce, su bar sabon tuba a kujerar baya domin yarensa dabam ne, ko tufafinsa sun tsufa, ko danginsa sun kore shi. Wannan shi ne janye hannun da Bitrus ya yi.

Saboda haka, 'yan'uwa, in baƙo ya shigo ranar Lahadi, a matsa masa wuri, a tambayi sunansa. In ba ya jin Hausa, a nemi mai fassara. In an tashi, a kai shi gida, a ci tuwo tare da shi. Wanda aka kora saboda sunan Yesu, a ba shi masauki da aikin yi. Ubangiji wanda ya karɓe mu kyauta ya ba mu zuciyar karɓar waɗansu. Amin.