Jimlar da Aka Wargaza: Tarihin Wata Tambaya a Jarrabawar Turanci



Daren jiya bayan lisha, ɗana ya zo mini da takardar darasin Turancin Ingilishi, ransa a ɓace. An ba su kalmomi a warwatse kamar tsabar da kaji suka tona, aka ce su jera su har su zama magana. Ya ce, "Baba, mene ne amfanin wannan wahala?" Ni da na tashi a gaban allo da tawada, na ga amsar tana da tarihi, shi ya sa na kawo ta wannan zaure.

Wannan salon tambaya ya girmi 'yancin ƙasarmu na 1960. A Faransa, masana biyu, Alfred Binet da Théodore Simon, sun fitar da ma'aunin fahimtar yara a 1905, domin gano waɗanda ke bukatar taimako na musamman a makaranta. A gyaran da suka yi masa a 1908, akwai jimloli hargitsattsu da ake so yaro ya mayar da su daidai. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, rundunar sojan Amurka ta sa irin wannan a gwajin sababbin sojoji: mutum ya jera kalmomin a zuciyarsa, sannan ya faɗi ko maganar gaskiya ce ko ƙarya. Yau kuma ga ta a littattafan koyon harsuna.

To me ya sa ta fi kama Ingilishi? A da can, tsohon Ingilishi yana da alamomi a ƙarshen kalma, masu nuna wanda ya aikata da wanda aka aikata wa. Bayan da Normawa suka ci Ingila a 1066, cikin ƙarnonin da suka biyo baya, yawancin alamomin nan suka zube. Nauyin ma'ana sai ya koma kan jeri. Ka sauya wa kalma mazauni, ka sauya wanda ya ci da wanda aka cinye.

Wanda ya karanta nahawu zai gane wannan nan take. A Larabcin littafi, rufu'a tana nuna fa'ili, fataha tana nuna maf'uli, don haka ana iya gabatar da ɗaya a jinkirta ɗaya, ma'ana ba ta ɓace ba. Ajurumiyya, wadda Ibn Ajurrum mutumin Fas ya wallafa kafin rasuwarsa a 1323, ta fara ne da bayanin cewa ba a kiran lafazi magana sai an harhaɗa shi ya ba da fa'ida. Tun kafin shi, Abdulƙahir Aljurjani, wanda ya rasu a 1078, ya nuna a Dala'ilul I'ijaz cewa ƙimar zance tana cikin tsarin jera shi. Ashe abin da ake gwada 'ya'yanmu a kai, malamanmu sun daɗe suna karantar da shi a zaure.

Hausa kuwa a nan ta fi kusa da Ingilishi. "Kura ta kashe akuya" daban, "akuya ta kashe kura" daban, alhali kalmomin ba su canja ba. Mai aiki ne a gaba, aiki ya biyo, wanda aikin ya faɗa wa ya zo ƙarshe. Inda yaro zai kula shi ne siffa: mu muna cewa "farin doki" ko "doki fari", su kuwa siffa ce ke gaba a galibi. Haka nan in za su yi tambaya, sukan ɗauko mataimakin aikatau su sa shi gaban mai aiki.

Kakanninmu sun iso gaɓar Shari ta hanyar fatauci da hanyar Hajji, wasu tun garin yana Fort-Lamy, wanda aka kafa a 1900 bayan yaƙin Kusuri da Rabeh ya mutu a cikinsa, aka sauya masa suna a 1973. Sun koyi Larabcin kasuwa, 'ya'yansu suka koyi Faransanci, ba su yar da Hausa ba. Yau Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma, amma yaron da zai nemi jami'a a Maiduguri ko Kano sai ya bi ta ƙofar Ingilishi.

Abin da ke damuna shi ne, a wasiƙun da ke zuwa hannuna domin in karanta wa maigidanmu, ina ganin samarinmu sun fara kasa jera Hausar kanta. Wanda bai riƙe tsarin harshen uwarsa ba, da wuya ya gane na baƙo.

Na ce wa ɗana: nemo aikatau tukuna, ka tambayi wa ya yi, ka tambayi wa aka yi wa, sauran su bi sahu. Kafin ya kwanta ya jera bakwai cikin goma.

Iyaye, mu riƙa yi musu wannan wasa da Hausa a tsakar gida. Allah Ya buɗa wa 'ya'yanmu basira, amin.