Maganaɗisu a kan ƙwaƙwalwa: me ake nufi da TMS, kuma yana yi wa yara magani?

Akwai tambayar da take ta dawo mana a shirinmu na kiwon lafiya. Wani ɗan uwa da ke bida a ƙasar waje ya turo bidiyo ta WhatsApp: ga yaro zaune a kujera, an ɗora masa wata na'ura a kai, ana cewa da ita yaron da bai magana zai yi magana, wanda bai tafiya zai tashi. Sai uba ya fara lissafin tumaki nawa zai kai kasuwa. Kafin a kai ga sayar da bisashe, ga abin da ya kamata a sani.

Mene ne TMS?

TMS gajarta suna ne na Turanci, ma'anarsa zaburar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu ta saman ƙoƙon kai. Wani masani, Anthony Barker, da abokan aikinsa ne suka fara nuna na'urar a birnin Sheffield na Ingila a 1985. Ana ɗora wani naɗin waya a kan fatar kai, a sakar masa wuta mai ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido. Wutar ta haifar da maganaɗisu, shi kuma ya ratsa ƙashi ya tada ƴar ƙaramar wuta a cikin jijiyoyin saman ƙwaƙwalwa, zurfin santimita 2 zuwa 3. In an maimaita bugun sau da yawa, ana iya ƙara wa wani sashe kuzari ko a lafar da shi.

Ba tiyata ba ce, ba a sa mutum barci. Yana zaune ido biyu, yana jin ƙara ƙas-ƙas da ɗan bugu a kai. Ga manya, zama ɗaya kan ɗauki minti 20 zuwa 40, kwana 5 a mako, har mako 4 zuwa 6. Kenan ba abu ne na zuwa sau ɗaya a dawo gida ba.

Wane ciwo aka amince a yi wa magani da shi?

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da izini a 2008 don manya masu ciwon damuwa mai tsanani da ƙwayoyi suka kasa. A 2018 ta ƙara da ciwon waswasi mai sa mutum ya yi ta maimaita abu guda, a 2020 kuma taimakon masu son barin taba. A 2024 ta yarda a yi wa matasa ƴan shekara 15 zuwa 21 masu ciwon damuwa, haɗe da sauran magani.

A lura da kyau: a cikin wannan jeri babu galahanga, wato lalurar da yaro ke kasa mu'amala da mutane ko ya makara wajen magana. Babu lalurar rashin natsuwa da kasa tsayar da hankali. Babu kuma sandarewar gaɓoɓi da raunin ƙwaƙwalwa ke kawowa tun haihuwa. Ga waɗannan, TMS yana matakin bincike ne har yanzu.

Me binciken ya nuna?

A jami'ar Louisville ta Amurka, Dakta Manuel Casanova da ƴan ƙungiyarsa sun gwada shi a kan yara masu galahanga, suka ba da rahoton raguwar wasu ɗabi'u kamar yawan maimaita motsi. Sai dai yaran da aka gwada ba su da yawa, kuma gwaje-gwajen da aka yi a wurare daban-daban ba su bi tsari guda ba, shi ya sa masana ke cewa hujjar ba ta kai a mayar da shi magani na kowa ba.

A birnin Calgary na Kanada, Dakta Adam Kirton ya jagoranci wani gwaji da aka wallafa a 2016, a kan yara 45 da ɓarin jikinsu ya raunana tun lokacin haihuwa. An samu ci gaba wajen amfani da hannu. To amma fa yaran nan sun yi mako 2 suna atisayen hannu na sa'o'i a kowace rana. Maganaɗisun ƙari ne a kan atisaye, bai maye gurbinsa ba.

Akwai haɗari?

Abin da aka fi gani shi ne ciwon kai da zafin fatar kai, kuma sukan wuce. Ƙarar na'urar tana da ƙarfi, dole a toshe kunne. Haɗari mafi girma, ko da yake ba kasafai ba, shi ne bugun ya tada farfaɗiya. Wannan ya shafe mu sosai, domin da yawa daga cikin yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu suna da farfaɗiya tun asali. Ba a kuma yi wa mai ƙarfe a cikin kai ko mai na'urar ji da aka dasa a kunne.

Sannan a bambanta TMS da awarwaro, hula ko katifar maganaɗisu da ƴan talla ke yawo da su ranar kasuwa. Waɗannan ba su da ƙarfin taɓa ƙwaƙwalwa ko kaɗan.

To mu a nan Adar, ina mafita?

Yawancin abin da ke raunana ƙwaƙwalwar yaro a yankinmu sananne ne: doguwar naƙuda a gida har jariri ya rasa iska, shawarar jarirai da aka yi wa sakaci, masassarar cizon sauro da ta hau kai, sanƙarau, da tamowa. Duk ana iya rage su. Awon ciki da haihuwa a likita, allurar rigakafi, gidan sauro, da maganin rigakafin masassara da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 a lokacin damina, su ne garkuwar farko. Jaririn da idonsa ya yi ɗorawa, ko yaron da ya yi jijjiga da zafin jiki, a kai shi CSI a ranar, kada a kwana.

In kuma lalurar ta riga ta samu, a fara daga CSI mafi kusa, ko a Kalfou ne, Barmou, Affala ko Takanamat, su tura zuwa babban asibitin jiha ko cibiyar uwa da yaro da ke birnin Tahoua. In ana buƙatar ƙwararren ƙwaƙwalwa, daga nan ake rubuta takardar zuwa Yamai. A nemi a duba ji da ganin yaron, domin wani rashin maganar kurumta ce. Mai farfaɗiya ya sha maganinsa kullum ba fashi. Mai sandarewar gaɓoɓi a koya wa uwa motsa jikin da ma'aikatan kine ke yi, ta riƙa yi masa a gida safe da yamma. Mai galahanga kuma a yawaita yi masa magana, wasa da nuni, a sa shi cikin ƴan uwansa, kada a kulle shi a ɗaki don kunyar idon mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da iyaye a kan irin wannan kulawa, saboda amfanin da aka ga tana yi.

Wanda duk da haka aka yi masa tayin TMS a waje, ya yi tambaya huɗu kafin ya biya ko dala: Likitan ƙwaƙwalwar yara ne zai duba yaron? Wace hukuma ce ta amince da shi don wannan lalura? Magani ne ko gwaji? Zama nawa ne, kuma nawa ne jimlar kuɗin har da masauki? Duk wanda ya ce ya ba da tabbacin warkewa ɗari bisa ɗari, a yi hattara da shi.

Yaron nan amana ce, ba laifin uwarsa ba ne, kuma kuɗin da za a ƙarar a tafiya guda zai iya riƙe abincinsa, maganinsa da zirga-zirgar likita na tsawon lokaci. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya ba iyaye haƙuri da lada.