Tumbin Giwa: Yadda Ƙungiyar Samari Ta Haifi Masana'antar Fim

Duk wanda ya kalli fim ɗin Hausa a wayarsa yau, ko a Bagudo yake, ko a Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Jamhuriyar Benin, yana cin gajiyar wata wahala da wasu samarin Kano suka sha ba tare da an biya su ko kwabo ba. Masana'antar da ake kira Kannywood ba gwamnati ce ta kafa ta ba, ba kuma wani attajiri ne ya zuba jari ya tashe ta ba. Daga ƙananan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwa ta fito, kuma wadda ta buɗe ƙofar ita ce Tumbin Giwa.

Kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa ake yin tashe idan azumi ya kwana goma, inda yaro kan liƙa gemun auduga, ya cusa tsummoki a riga, ya dogara sanda yana bin gida gida. Akwai wasan gauta da matan fada kan yi su kwaikwayi sarki da fadawansa, akwai kuma 'yan kama masu kwaikwayon malamai. Boko ya zo ya ɗora wannan gado a kan takarda da dandamali: Rupert East ya wallafa wasanni shida, Malam Aminu Kano ya rubuta wasannin da ya soki zalunci da su, Alhaji Maitama Sule ya shahara da wasa a Kano, Shu'aibu Maƙarfi kuma ya rubuta Jatau Na Kyallu. Da talabijin ta samu, Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu suka shiga gidajen jama'a.

A wannan yanayi ne ƙungiyoyi irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa suka yi tashe a Kano. 'Ya'yansu ɗalibai ne da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa. Sai an tashi daga aiki ake haɗuwa a yi gwaji, kayan sawa na aro ne, kuɗin hidima kuma karo-karo. A 1990 'yan Tumbin Giwa suka ɗauki wasan Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo: Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari na cikin taurarinsa. Karɓuwar da ya samu ta sa suka biyo da Gimbiya Fatima, sauran ƙungiyoyi ma suka ga hanya ta buɗe. Sunan Kannywood kansa sai a 1999 Sunusi Shehu Daneji ya raɗa shi a mujallar Tauraruwa, bayan aikin ya riga ya kankama.

Wasu kan ce finafinan Indiya ne suka haifi fim ɗin Hausa. Gaskiya ne rawa da waƙar soyayya daga can aka kwaso su, amma an shekara da shekaru ana kallon Indiya a silimun Kano ba a samu masana'anta ba, sai da aka sami mutanen da suka saba tsara labari da raba matsayi a tsakaninsu. Wasu kuma kan ce gidajen talabijin ne suka yi aikin. Sun taimaka da fili da ƙwararrun masu ɗauka, babu musu, sai dai 'yan wasan da suka cika filin daga ƙungiyoyi suka zo, kuma su ne suka yi kasadar kai kaset kasuwa da kuɗin aljihunsu.

Darasin a fili yake ga garuruwa irin su Bagudo da Ka'oje da Illo, inda Hausa da Fillanci da Dandanci ke cuɗanya a kasuwa ɗaya, labarai kuma ba su ƙarewa. Samarin Tumbin Giwa ba su jira an gina musu zauren wasa ba. Iyaye da sarakuna da shugabannin makarantu, idan matasanku suka haɗa ƙungiyar wasa, ku ba su fili, ku je ku kalla, kada ku ɗauke su marasa aikin yi.