Tarihin Ƙa'idojin Awon Ƙasa: Daga Turken Minna Zuwa Manhajojin Taswira

Gona ɗaya a ƙasar Makarfi ko Ikara tana iya samun lambobin wuri iri uku ko huɗu, kuma kowannensu daidai ne bisa ƙa'idar da aka auna shi da ita. Wannan yawan ƙa'idoji shi ne babban nauyin da ke kan masu haɗa manhajar taswira a yau, kuma ya samo asali ne daga matakan da awon ƙasa ya bi a Nijeriya cikin fiye da shekara ɗari.

Kafin zuwan Turawa, iyakar gona a ƙasar Zazzau tana tsayawa ne kan abin da ido ke gani: layin gamba, kuka, ɗorawa ko rafi, tare da shaidar dattawa da mai unguwa. A farkon mulkin Turawa aka shigo da awon taki, musamman a ƙasar Kano, inda malaman taki ke auna gonaki da takun ƙafa domin yanka haraji. Wannan awo yana ba da faɗin gona, amma ba ya nuna matsayinta a doron duniya.

Matsayin ya samu ne da aikin safiyo na ƙasa baki ɗaya. A 1928 aka ɗauki wani turke mai lamba L40 a Minna a matsayin tushen awo, aka ɗora lissafin a kan siffar duniya ta Clarke 1880. Da yake duniya a dunƙule take, takarda kuwa a shimfiɗe, sai aka raba Nijeriya shiyya uku: ta yamma, ta tsakiya da ta gabas, kowacce da layin tsakiyarta. Ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan sun faɗa shiyyar tsakiya. Daga baya tsarin UTM na duniya ya shigo, wanda ya raba ƙasar tsakanin yanki na 31, 32 da 33, kuma ƙananan hukumomin uku suna yanki na 32. Tsofaffin taswirori da takardun filaye masu yawa a Arewa suna kan tushen Minna har yanzu.

Sauyi na gaba ya zo daga taurarin ɗan'adam. Tsarin GPS na Amurka yana aiki da tushen awo na duniya mai suna WGS 84, kuma tun watan Mayu na 2000, lokacin da aka daina rage ingancin saƙonsa da gangan, ya zama kayan aikin kowa. Matsalar ita ce, lambobi iri ɗaya a tushen Minna da a WGS 84 suna nuna wurare biyu da ke da tazarar kusan mita 80 a wannan yanki. Tazara irin wannan ta isa ta jefa gonar rake cikin ta maƙwabci, ko ta sa rijiyar burtsatse ta bayyana a tsallaken hanya. Domin haɗa awon gida da na duniya, ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya kafa jerin tashoshin karɓar saƙon tauraro da ake kira NIGNET, ɗaya daga cikinsu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Shigar taswira cikin kwamfuta ta kawo nata ƙa'idojin. A farkon shekarun 1990 kamfanin Esri ya fito da nau'in fayil na Shapefile, wanda ya zama ruwan dare duk da gazawarsa: bayani ɗaya yana warwatse a fayiloli da dama, sunan kowane gurbi ba ya wuce harafi 10, kuma haruffan Hausa masu lanƙwasa kan lalace idan ba a fayyace tsarin rubutun ba. A 1994 aka kafa ƙungiyar OGC domin daidaita musayar bayanai, kuma ita ta fitar da GeoPackage a 2014. GeoJSON, wanda manhajojin intanet suka fi so, ya bayyana a 2008. Rajistar EPSG kuwa ta ba kowane tsarin awo lambarsa: 4326 ga WGS 84, 4263 ga tushen Minna.

Ƙa'idojin ba su daidaita ko a kan jerin lambobi ba. EPSG 4326 yana fara da latitud, GeoJSON kuwa da lonjitud. Ikara tana wajen digiri 11 arewa da digiri 8 gabas. Idan manhaja ta juya lambobin, garin zai faɗa jihar Taraba.

Masu haɗa manhaja sun rage wannan wahala ta hanyar kayan aiki na kowa da kowa. PROJ, wanda Gerald Evenden ya fara a shekarun 1980, yana juya lambobi daga wani tsarin awo zuwa wani. GDAL, wanda Frank Warmerdam ya fara a ƙarshen shekarun 1990, yana karanta nau'o'in fayil masu ɗimbin yawa. Manhajojin QGIS da PostGIS duk a kansu suka dogara.

Amfanin wannan ya fito fili a Arewa. Yaƙi da shan inna ya sa aka zana ƙauyuka da rugage daga hoton tauraro, aikin da shirin GRID3 ya faɗaɗa daga baya. Jihar Kaduna kuma ta kafa hukumar KADGIS da dokar 2015 domin mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta, abin da ke buƙatar haɗa tsofaffin takardun safiyo da sabon awo.

Ƙwarewar da aka tara ta tsaya kan ɗabi'u kaɗan: a rubuta tushen awo da lambar EPSG tare da kowane bayani, a adana asalin lambobin kafin a juya su, a yi juyin a wuri ɗaya cikin manhaja, a adana sunayen garuruwa da tsarin rubutu na UTF-8, sannan a gwada sakamakon a kan turken da aka san matsayinsa. A Kudan ko Makarfi, ingancin takardar mallakar fili da isar allurar rigakafi ga ƙauye sun rataya ne a kan kiyaye waɗannan.