TARIHIN SteamOS: MANHAJAR GEM DA TA FAƊI A FALO, TA TASHI A TAFIN HANNU

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, tarihin wata babbar manhaja mai suna SteamOS, wadda aka ƙirƙira don buga gem a talabijin ɗin falo. Ta fito da ƙarfinta a 2013, ta sha ƙasa, aka yi mata dariya, sannan ta dawo ta wata ƙofar daban. Labarin ya shafi mai gidan gem a Daura ko Mai'aduwa, ya shafi ɗalibin da ke riƙe da tsohuwar laftof a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, har da kai da ke karanta wannan a wayarka.

DA FARKO, MECE CE BABBAR MANHAJA?

Ita ce uwar manhajojin da ke cikin na'ura. A wayarka Android ce ko iOS. A yawancin kwamfutocinmu kuma Windows ce. Akwai ta uku, Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma kyauta ce ga kowa. Ita kanta Android a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta. To SteamOS ma 'yar gidan Linux ce, sai dai an yi mata ɗinki na musamman: kana kunna na'ura, jerin wasanninka za ka gani da manyan hotuna, kana sarrafa komai da hannun gem, wato fad, ba sai ka nemi kibod da maus ba.

SU WAYE SUKA YI TA, KUMA DON ME?

Kamfanin Valve ne na Amurka, wanda Gabe Newell da Mike Harrington suka kafa a 1996 bayan sun bar aiki a Microsoft. Wasan Half-Life na 1998 ne ya fito da sunansu. A 2003 suka buɗe Steam, wata kasuwa ta intanet da ake sayen gem a sauke shi kai tsaye, kamar dai Play Store a wayarka. A hankali Steam ta zama babbar kasuwar wasannin kwamfuta a duniya.

Sai dai akwai matsala guda. Kusan duk cinikin Valve a cikin Windows yake, Windows kuwa ta Microsoft ce. Ka ɗauka kamar ɗan kasuwar da ya cika shago da kaya amma shagon na haya ne. Da Windows 8 ta zo a 2012 ɗauke da nata kantin manhajoji, sai hankalin Valve ya tashi, don mai gidan haya ya kafa nasa teburin a bakin ƙofa. A watan Yulin shekarar, Gabe Newell ya fito fili ya kira Windows 8 bala'i ga harkar kwamfuta. Tsoronsa shi ne wata rana Microsoft ta rufe ƙofa, ta ce duk mai sayar da manhaja sai ya biyo ta kantinta.

Daga nan Valve ta fara gina nata gidan. A Disamban 2012 ta fitar da Big Picture, tsarin da ke sa Steam ta dace da allon talabijin. A Fabrairun 2013 Steam ta fara aiki a Linux. Ranar 23 ga Satumban 2013 aka sanar da SteamOS, kwana biyu bayan nan aka sanar da akwatunan da za su ɗauke ta, masu suna Steam Machine. Fitowar farko ta manhajar ta zo ranar 13 ga Disamban 2013, an gina ta a kan wani reshen Linux mai suna Debian, aka kuma raba akwatunan gwaji 300 ga masu amfani da Steam.

YADDA TA SHA ƘASA

Akwatunan ba su iso kasuwa ba sai 10 ga Nuwamban 2015, shekara biyu bayan sanarwa. Jinkirin ya yi yawa har kamfanin Alienware ya gaji da jira, ya fitar da nasa akwatin ɗauke da Windows tun a 2014. Kafin su Steam Machine su sauka, PlayStation 4 ta riga ta cinye falon: Sony ta sayar da wajen miliyan 30, farashinta ya sauko dala 349, alhali akwatin Alienware mai SteamOS daga dala 449 ya fara.

Tsadar ma da sauƙi. Babbar cutar ita ce rashin wasanni. Gem ɗin da aka rubuta don Windows ba ya tashi a Linux, sai kamfanin da ya yi shi ya zauna ya sake masa aiki. Kamfanoni suka ce ba za su kashe kuɗi ba tunda masu Linux ba su da yawa, masu saye kuma suka ce ba za su saya ba tunda wasanninsu ba su ciki. Ga shi gwajin da shafin fasaha na Ars Technica ya yi a 2015 ya nuna wasanni sun fi gudu a Windows a kan kwamfuta iri ɗaya. Bayan wata bakwai, abin da aka sayar bai kai rabin miliyan ba. A Afrilun 2018 Valve ta cire Steam Machine daga fuskar kasuwarta, shiru kake ji.

Duk wanda ya san gidan gem a ƙasar Hausa zai gane wannan faɗuwar ba tare da dogon bayani ba. Mu a nan, gidan gem shi ne falonmu: benci, talabijin biyu ko uku, janareta na ƙugi a waje, yara sun yi layi. An faro da gem ɗin kaset na su Mario, aka zo Sega, aka zo PlayStation. Me ya sa PlayStation 2, wadda ta fito tun 2000, ta daɗe tana mulki a irin waɗannan shaguna bayan an daina yayinta a Turai? Saboda tana da ƙwallo, su Winning Eleven da PES, tana da Mortal Kombat, ga arha, ga masu gyara, kuma an gano yadda ake loda mata wasanni a filash ba sai da faifai ba. Yaron da ya zo da canjinsa ba ya tambayar wace manhaja ce a cikin akwatin. Tambayarsa ɗaya ce: akwai ƙwallo? Irin tambayar da Turawa suka yi wa Steam Machine ke nan, ta rasa amsa.

TAFINTAN DA YA SAUYA LABARI

Valve ba ta haƙura ba, dabara ta sauya. Maimakon roƙon kamfanoni su sake rubuta wasanninsu, sai ta ɗauko tafinta. Ranar 21 ga Agustan 2018 ta fitar da Proton tare da kamfanin CodeWeavers, an gina shi a kan wata tsohuwar manhaja mai suna Wine da aka faro tun 1993.

Ga yadda yake aiki. Gem ɗin Windows yana ba katin hoto umarni da wani yare mai suna DirectX. Linux ba ta jin wannan yaren, Vulkan take ji. Proton yana tsayawa a tsakani yana fassara kowane umarni nan take, gem ɗin ma bai san ya bar Windows ba. Wasanni 27 kacal Valve ta tabbatar da su a ranar farko. Yanzu dubbai ne, kuma akwai shafin ProtonDB inda masu bugawa ke rubuta wanda ya tashi da wanda ya ƙi.

Da tafinta ya ƙware, sai aka yi masa gida. Ranar 25 ga Fabrairun 2022 Steam Deck ta fito a dala 399. Kwamfuta ce ta riƙewa a hannu mai allo inci 7, ɗauke da SteamOS 3, wadda aka sake ginawa a kan Arch Linux. A ranar ce ma wasan Elden Ring ya fito, kuma ya tashi a kanta. Wannan karon mutum ba ya asarar wasannin da ya riga ya saya. Abin dariyar shi ne, manhajar da aka yi don falo sai da ta shiga tafin hannu ta samu karɓuwa, daga nan mutane suka riƙa jona ta da talabijin, ta koma falon da aka kore ta.

ME YA JA HANKALIN MASU KWAMFUTAR TEBUR?

Abu uku. Na ɗaya, SteamOS 3 tana da fuska biyu: ta gem, da ta kwamfuta sosai inda za ka yi rubutu ko lilo a intanet. Na biyu, gudu. A Mayun 2025 Lenovo ta fitar da Legion Go S mai SteamOS, kuma akwai irinta mai Windows. Da Ars Technica ta sake gwaji, sai ga SteamOS ta wuce Windows a yawancin wasannin da aka gwada. Shekara goma ke nan reshe ya juye da mujiya. Na uku, Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 tana buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, abin da ya bar miliyoyin kwamfutoci masu lafiya a waje.

Masu gaggawa ba su jira Valve ba, sun haɗa nasu masu kama da ita, irin su Bazzite da ChimeraOS, waɗanda ake iya sa wa kwamfutar tebur. A ƙidayar da Steam ke yi duk wata, masu Linux sun wuce masu kwamfutar Apple a Yulin 2023, sun haura kashi 3 cikin 100 a Oktoban 2025. Kaɗan ne idan aka kwatanta da Windows, amma shekaru da dama suna maƙale a wajen kashi 1. A Nuwamban 2025 kuma Valve ta sanar da sabuwar Steam Machine, akwatin falo da ta ce ya ninka Steam Deck ƙarfi sau shida.

TO MU A DAURA FA?

Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, waɗanda suka yi aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su biyo ta Legas su sauka a Titin Beirut na Kano. Da yawansu suna cikin waɗanda Windows 11 ta ƙi. Don haka wannan tarihin ya zo mana har gida. Amma kafin ka goge Windows ɗinka, duba waɗannan:

1. Ƙwallo. Tun daga FIFA 23, kamfanin EA ya sa wa wasansa manhajar hana maguɗi wadda ba ta aiki a Linux, kuma haka abin ya ci gaba a EA Sports FC. Fortnite da Valorant da PUBG na kwamfuta su ma ba sa tashi. GTA V kuwa za ka buga labarinsa, amma ɓangaren intanet ɗin an toshe tun 2024. Mai gidan gem da ƙwallo ke ciyar da shi, kada ya yi gangancin sayar da PlayStation ɗinsa.

2. Katin hoto. SteamOS ta fi shiri da AMD. In naka Nvidia ne, Bazzite ta fi dacewa da kai. Tsohuwar laftof ta ofis kuwa, sauya manhaja ba zai ba ta ƙarfin da ba ta da shi ba, tsofaffin wasanni da ƙanana za ta iya ja.

3. Data. Manyan wasanni na kai gigabait 50 zuwa 100, ga shi an ƙara kuɗin data tun farkon 2025. Sauƙin shi ne Steam na barin ka kwafi gem daga wata kwamfutar zuwa wata ta ma'adanar waje ko ta wayafai ɗaya, muddin ka mallaki gem ɗin a asusunka. Wasanni da yawa kuma suna tashi ba intanet bayan an sauke su.

4. Wuta. Nan ne na'urar hannu ta yi zarra. Cajar Steam Deck wat 45 ce, ƙaramin sola ma zai riƙe ta, kuma in KEDCO ta ɗauke wuta wasa ba ya yankewa tunda akwai batir.

5. Kuɗi. Da dala ake sayayya a Steam, kuma Valve ba ta sayar da Steam Deck kai tsaye a Najeriya, sai ta hannun 'yan kasuwa. Ita manhajar kanta dai kyauta ce.

Ku masu waya ma ba a bar ku a baya ba. Akwai manhajar Steam Link da ke haska gem daga kwamfuta zuwa wayarka ta wayafai. Akwai Winlator, wadda ke amfani da wannan Wine ɗin wajen tayar da wasu wasannin Windows a Android. Sannan tabaran gem mai suna Steam Frame da Valve ta sanar a Nuwamban 2025, SteamOS ce a cikinsa a kan injin Snapdragon, irin dangin injin da ke cikin wayoyi. Kun ga ke nan tafintan ya fara koyon yaren waya.

Shawarar da tarihin nan ya bar mana mai sauƙi ce. A 2015 Valve ta ce wa mutane su bar wasanninsu su biyo ta, suka ƙi. A 2022 ta ɗauko musu wasannin ta kawo, suka zo. Kai ma haka za ka yi: rubuta wasanni biyar da ka fi bugawa, ko waɗanda kwastomominka suka fi nema, ka duba kowanne a ProtonDB. In sun tashi, gwada sabuwar manhajar a wata ma'adana daban tukuna, ka kwashe hotunanka da takardunka kafin ka taɓa komai. In ƙwallon EA na cikin biyar ɗin nan, zauna a inda kake har ranar da kamfanin ya buɗe ƙofa.

Wane gem ka fara bugawa a gidan gem, kuma a wace na'ura? Ku gaya mana, ku kuma tura wa abokin da ke shirin goge Windows ɗinsa kafin ya yi aikin da-na-sani.