Albarushi, Ƙanƙara da Dalma: Tarihin Ɗurin Bindiga a Ƙasar Dagwamba

Jisonayili tsohon ƙauyen Dagwamba ne wanda garin Tamale ya haɗiye. Yana arewacin gari, cikin ƙasar Sagnarigu, yau kuwa baƙo ba zai iya nuna inda Tamale ta ƙare ƙauyen ya fara ba. A irin waɗannan unguwanni, in lokacin Damba ya yi, ko ana jana'izar wani babban sarki, akan ji ƙarar bindigogin toka, hayaƙi ya turnuƙe har ba a ganin makaɗa. Masu harbin nan Dagwamba suna ce da su Kambonsi. Bindigarsu ba ta cin harsashi irin na soja. Ta baki ake ɗura ta, kowane harbi da nasa ɗurin. Saboda haka saurayin da ya fara koyo a hannun ubansa dole ya san abu huɗu: albarushi, da abin da zai kunna shi, da abin da zai fita ya sami nama ko abokin gaba, da tsumman da zai riƙe su cikin bututu. Kowannensu yana da tarihinsa. Wanda ya bi tarihin kuwa zai ga cewa mai bindiga a ƙasar nan bai cika zaɓen abin da yake so ba, sai dai abin da waɗansu suka bari ya iso hannunsa.

Kalmomin da Bahaushe yake amfani da su sun nuna hanyar da bindiga ta biyo zuwa ƙasarsa. Bindiga, da albarushi, da harsashi, duka daga Larabci suke, asalin kalmar harsashi ma dalma take nufi. Ta hamada suka zo. Tun ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka koya musu, Tarihin Kano kuma ya ce Sarki Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, ya ajiye 'yan bindiga suna tsaronsa.

Ta Dagwamba kuwa daga kudu ta hau. Turawa suna da gidajen ciniki a bakin teku, a Elmina da Kef Kos da Osu ta Akra, inda suke musayar bindiga da albarushi da zinariya da bayi. Mutanen Denmak ne suke zaune a Osu har 1850, sa'ad da suka sayar wa Ingilishi gidajensu, daga sunansu kuma Turawa suka laƙaba wa doguwar bindigar nan suna, ko da yake yawancinta a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam ake ƙera ta. Asante suka tara ta da yawa, da ita suka yi ƙarfi. A ƙarni na 18 suka hau arewa, tun daga yaƙin Opoku Ware na wajen 1744, har aka kai ga zamanin Ya Na Gariba, lokacin da Yendi ta shiga biyan Kumasi gandun bayi kowace shekara. A cikin wannan zama ne Dagwamba, waɗanda ƙarfinsu na dā doki ne da mashi da baka, suka kafa rundunar 'yan bindiga bisa tsarin Asante. Kalmar Kambonsi kanta a bakin Dagwamba mutanen Asante take nufi. Sunayen sarautunsu da gangunansu masu magana har yau suna da kamannin na Kumasi.

Amma Asante ba wawaye ba ne. Sun koya wa talakawansu harbi, suka riƙe mabuɗin rumbun albarushi. Sarkin Kumasi ya hana a wuce da bindiga da albarushi zuwa arewa sai da izininsa. Fataken Hausa da suke zuwa Gwanja sayen goro suna iya samun kusan kome a kasuwar Salaga, amma wannan kaya sai a ɓoye, da tsada kuma. Bindigar da ba albarushi kuwa sanda ce, sandar ma mai nauyi. Sai bayan 1874, da Ingilishi suka ƙone Kumasi, Yendi ta daina biyan gandu, hanya ta ɗan buɗe.

Albarushin da ake kawowa bakin teku ba irin wanda sojan Turai yake harbi da shi ba ne. Akwai wanda ake yi musamman domin cinikin Afirka, mai manyan ƙwayoyi, marar ƙarfi, a cikin ƙananan gangunan katako. Kafin ya iso Yendi ya yi makonni a kan 'yan dako, ya sha raɓar kurmi, wani lokaci ma an cuɗa shi da garin gawayi domin ya yi auki. Tsofaffin maharba sukan murza shi a tafin hannu su ga ko ya dunƙule ko ya koma gari, sukan kuma kunna ɗan kaɗan su duba yawan baƙin da ya bari. Iyakar gwajin ke nan. Da yake ba shi da ƙarfi, sai mai bindiga ya riƙa ƙara yawansa. Ba ma'auni, da yatsu ake awo: a zura sandar ɗuri cikin bututu, a ga yatsu nawa ta rage a waje. To, ganga ɗaya ba daidai take da wata ba. Awon da ya yi daidai da albarushin bara yana iya fasa bututu da na bana, bututun kuwa dā ma na ƙarfe ne mai araha. Wannan ya sa masu harbi da yawa ba su kai bindiga kafaɗa su auna da ido, sai su riƙe ta a kwiɓi ko su miƙa hannu nesa da fuska, su kau da kai, su ja kunama. Mutumin da yake tsoron bindigarsa fiye da abokin gabansa, ina zai sami saiti?

A ƙasar Hausa akwai wanda ya gane wannan matsala ya nemi maganinta. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana yin albarushi a Zinder, har ana zuba igwa ta tagulla. A Dagwamba ba a kai ga haka ba.

Abu na biyu ƙanƙara ce, wato ɗan dutsen da ake ɗaurawa a bakin kunama. In an ja, sai ya bugi ƙarfe kamar ƙyastu, tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushin da yake cikin kasko a gefen bututu, wuta ta bi ta wata 'yar kafa ta shiga ciki. Ƙanƙara mai kyau daga wani ƙaramin gari take zuwa a Ingila, Brandon, inda masu fasa dutse suka ci gaba da aiko ta Afirka ta Yamma har cikin ƙarni na 20, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita. Takan dakushe bayan harbi kaɗan, da damina kuma albarushin kasko yakan jiƙe, bindiga ta ƙi tashi. Wanda ya kawo gyara, abin mamaki, wani fasto ne na Sikotlan, Alexander Forsyth. Yana son harbin agwagin ruwa, ya lura cewa tsuntsayen suna ganin walƙiyar kasko su nutse kafin harbi ya fita. A 1807 ya yi rajistar wata dabara ta kunna albarushi da wani sinadari mai tashi in an buge shi. Daga nan aka sami 'yar hular tagulla da ake kifawa a kan hancin bindiga, wadda ruwa bai cika hana ta aiki ba. Sojan Turai sun koma gare ta wajen 1840. Ta daɗe ƙwarai kafin ta zama abin kowa a arewacin Gana.

Na uku shi ne abin harbawa. Dalma ce ta fi, gama tana da nauyi, tana da taushi, ana iya narka ta a zuba ta daidai faɗin bututu. Amma dalma ma daga teku take zuwa, a sanduna, ba kowa yake samunta ba. Sai a yanka sandar gunduwa-gunduwa, ko maƙeri ya sassare guntayen ƙarfe, in babu a zuba tsakuwa, a danna da tsumma ko zaren bawon itace. Abin da ba shi da siffa ɗaya, yana kuma kai da kawowa cikin bututu mai santsi, ba ya tafiya inda aka nufa. Kusa-kusa yana yin mummunar ɓarna, amma bayan taku hamsin ko sittin sai dai sa'a. Asante da kansu sun ga haka a Amoafo ran 31 ga Janairu 1874. Sun yi yini suna harbi da jaruntaka daga cikin kurmi, suka yi wa mutanen Janar Wolseley kusan 200 rauni, amma 4 kaɗai suka mutu a filin. Guntayen ƙarfen suna samun mutum, ba su shiga.

A wannan lokaci Turai ta riga ta warware matsalolin nan ɗaya bayan ɗaya. An yi wa cikin bututu tsagi mai murɗawa, domin harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, ya tafi sak. An kuma haɗa abubuwan nan cikin kwanso ɗaya na tagulla: hula a gindi, albarushi a ciki, dalma a baki, a sa ta bayan bindiga. Asirin saiti kuwa shi ne kowane harsashi ya zama daidai da ɗan'uwansa. Har yau masu ɗura kwanso da hannunsu a Amurka da Turai a kan wannan suke: ɗan koyo yakan tsaya ga kwanso iri ɗaya da hula iri ɗaya, ya auna albarushi a sikeli da wani ma'auni ƙanƙane wanda 15 da ɗoriya suke yin giram ɗaya, ya bi abin da masu yin albarushin suka buga a littafi, ba ya ƙarawa da ka. A gwada wannan da awon yatsu.

Turawa sun san tazarar, sun kuma so ta dawwama. A yarjejeniyar da suka sa wa hannu a Brussels ran 2 ga Yuli 1890, da sunan hana cinikin bayi, suka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindiga mai tsagi da harsashinta. Suka bar musu bindiga mai ƙanƙara da albarushin ciniki.

Shekara shida bayan haka aka ga amfanin dokar a wurin masu ita. Wata rundunar Jamus ta taso daga Kete Krachi za ta Sansanne Mango, Dokta Hans Gruner da Laftanar Valentin von Massow suna jagora. Sojojinta ba su kai 100 ba, sauran 'yan dako ne, amma suna riƙe da bindigogin Mauser. Ya Na Andani, wanda ya tsufa a lokacin, ya ƙi ba su hanya. Ran 4 ga Disamba 1896 aka gamu a Adibo, kudu da Yendi. Dagwamba sun fito dubbai, da mahaya da 'yan baka da Kambonsi a ƙarƙashin shugabansu Kambon Nakpema Ziblim. Ba wanda ya taɓa zarginsu da tsoro, ko Jamusawan ma. Amma domin harbinsa ya yi amfani, dole Bakambonse ya matso taku hamsin, alhali harsashin Mauser yana kashewa daga taku ɗari da yawa. In ya harba sau ɗaya kuma sai ya tsaya a tsaye, gama doguwar bindiga ba ta ɗuruwa a kwance, ya zuba albarushi, ya danna, ya zuba ƙarfe, ya sake dannawa, ya gyara kasko. Kafin ya gama, sojan da yake gabansa ya harba wajen goma. Bisa lissafin Jamusawa, Dagwamba fiye da 400 suka faɗi, Ziblim yana cikinsu. Daga nan aka wuce Yendi aka sa mata wuta. Dagwamba suna kiran wannan rana Adibo dali, makaɗansu kuma suna ba da labarinta har yanzu.

A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar biyu, Yendi ta faɗa hannun Jamus, yammaci ya faɗa hannun Ingilishi, waɗanda suka mai da Tamale hedkwatarsu a 1907. Daga nan bindigar toka ta bar fagen yaƙin sarakuna, ta koma ta farauta da tsaron gona da biki. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa a yi mata rajista, albarushi kuma sai da takarda. Maƙera suka koyi gyaranta, daga baya suka koyi ƙera ta da bututun ƙarfe irin wanda ya samu. Bayan mulkin kai Gana ta yi dokar makamai a 1962, ta ƙara wata a 1972 wadda ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izinin gwamnati ba, a 2007 kuma majalisa ta kafa hukumar kula da ƙananan makamai.

Akwai wani haɗari da Kambonsin Adibo ba su sani ba, wanda jikokinsu suke fuskanta. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙago albarushi marar hayaƙi, shi ne kuma yake cikin kusan kowane harsashi na zamani, har da jan kwanson da maharba suke saya. A ido yana iya kama da na dā, amma sinadarinsa dabam ne, matsin da yake yi cikin bututu kuma ya fi na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. An yi shi domin ƙarfen da aka gwada a masana'anta, da awon da ba a yi da yatsa. Saurayin da baƙin albarushi ya yanke masa ana gobe biki, ya farke kwanso ya juye cikin bindigar kakansa, bututun ne zai tarwatse a hannunsa, mutanen da suke tsaye kusa da shi ma ba su tsira ba. A wajen biki ba a sa ƙarfe ko dalma, albarushi ne da tsumma kawai, amma tsumman da aka danna da ƙarfi shi ma yana huda jiki in an harba kusa, shi ya sa manyan Kambonsi suke sa yara su ɗaga baki sama ko su kifa shi ƙasa, su kuma ja nesa da taro kafin su taɓa kunama.